Zafin Filash a Ranar Biki: Abin da Ke Tsayar da Mai Hoto a Jega, Aliero da Maiyama

Da zarar an shafa fatihar ɗaurin aure, aikin mai hoto ya tashi gadan-gadan. Cikin minti goma ko sha biyar ake son a ɗauki ango da waliyyansa, ango da abokan karatu, ango da ’yan layinsu na kasuwa, ango da baƙin da suka taso daga Birnin Kebbi ko Sakkwato suna saurin kama hanya. Kowane rukuni sai an ɗauke shi sau uku ko huɗu, domin ba a rasa wanda ya ƙifta ido ko ya waiwaya. A tsakiyar wannan turmutsutsun ne filash, wato fitilar da ake ɗorawa bisa kyamara, yakan fara nawa. Da farko daƙiƙa biyu yake ɗauka kafin ya sake shiri, sai ya koma biyar, sai goma. Daga nan wata ’yar alama ta fito a allonsa, ya ƙi tashi sam. Mai hoto na latsawa, fuskoki na fitowa duhu ƙarƙashin huluna, ga jama'a na ta kira: “Mai hoto, ƙara muna ɗaya!”

In ka tambayi masu sana'ar abin da ya faru, amsa uku za ka fi ji. Wani ya ce kayan jabu aka sayar masa, wani ya ce batir ne, wani ya ce ai kayan Sin duk haka suke. Kowace amsa tana da ranar da take gaskiya. Amma a mafi yawan lokuta filash ɗin lafiyarsa ƙalau, abin da aka ƙera shi ya yi ne ya yi: ya ji zafi ya kai inda zai ƙone, ya tsayar da kansa. Matsalar tana tsakanin abin da aka gina shi ya ɗauka da irin aikin da muke ɗora masa a ƙasarmu, cikin ranarmu, a irin bukukuwanmu. Wanda ya gane wannan, da filash mai araha ma sai ya gama biki lafiya. Wanda bai gane ba, ko na miliyan ya saya sai ya ba shi kunya.

Bari mu leƙa cikinsa. Batir huɗu ƙanana ake zuba wa yawancin filash, waɗanda in an haɗa ƙarfinsu bai wuce bolt 6 ba. Wannan ƙarfin ba ya iya kunna komai a nan, don haka akwai wani sashe da ke ɗaga shi zuwa bolt 300 da ɗoriya, ya riƙa tara wutar a cikin wata ma'ajiya da ake kira kafasito. ’Yar ƙarar nan siririya da ake ji bayan an ɗauki hoto, aikin tarawar ke nan. Idan aka latsa maɓalli, sai a saki wutar da aka tara gaba ɗaya cikin wani ɗan bututun gilas mai ɗauke da iskar zenon, iskar ta yi walƙiya na kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi ke nan. Abin lura shi ne ba duk wutar ce ke zama haske ba. Kaso mai yawa zafi take komawa, kuma a wurare uku zafin ke taruwa: a bututun da farantin robar da ke gabansa, a sashen da ke ɗaga wuta, da kuma a batir.

Lissafin ba shi da wuya. Babban filash na kan kyamara yana sakin abin da ya kai jul 60 zuwa 80 a duk bugu ɗaya in an buɗe masa ƙarfi duka. In kana bugawa duk bayan daƙiƙa biyu da rabi, kusan wat 30 ke nan kake zubawa cikinsa ba tsayawa. Duk wanda ya taɓa kai hannu ga tsohon ƙwan lantarki mai wat 40 bayan ya ɗan jima a kunne ya san abin da ake nufi. To, a ɗauki irin wannan ƙwan a rufe shi cikin baƙar roba da ba ta fi dunƙulen hannu ba, babu taga babu fanka. Halin da kan filash yake ciki ke nan a lokacin da ango ke karɓar gaisuwa.

Kamfanonin ba su ɓoye wannan ba, yana nan cikin ɗan littafin da ke zuwa a kwali, wanda da wuya ka ga an buɗe shi, kuma in kayan na hannu ne ma ba ya zuwa. Littafin Nikon SB-800 ya ce kada a wuce bugu 15 a jere da cikakken ƙarfi, sannan a bar shi ya huta aƙalla minti goma. Na Canon 580EX II ya ce 20. Na Godox TT685 da V860II, waɗanda irinsu suka fi yawa a hannun matasan masu hoto yanzu saboda sauƙin kuɗi, ya ce 30. Amma abin da ya fi amfani a littafin Godox shi ne jadawalin da ya biyo baya: a rabin ƙarfi filash ɗin zai yi bugu 60 kafin kariyar zafi ta tashi, a kashi ɗaya cikin huɗu zai yi 100, a ɗaya cikin takwas kuwa 200. Duk sirrin maganar nan yana cikin wannan jadawalin, kuma za mu dawo gare shi.

Sai dai waɗannan alƙaluman a ɗaki mai daɗin iska ake auna su, wajen digiri 20 zuwa 25. Mu kuwa a nan, daga Maris zuwa Mayu, digiri 40 da ’yan kai abin yau da kullum ne. Yawancin kyamarori ma a rubuce yake cewa iyakar zafin da aka yarda su yi aiki a ciki digiri 40 ne. Abu mai zafi ba ya hucewa sai da iskar da ta fi shi sanyi, kuma gwargwadon ratar da ke tsakaninsu, gwargwadon saurin hucewar. In iskar kanta ta kai 42, ratar ta ragu sosai. Ga shi kuma filash baƙi ne, yana rataye a wuya cikin rana tun kafin liman ya fara huɗuba, ko kuma ya sha tafiya cikin jaka a ɗaure bayan babur daga Jega zuwa wani ƙauyen Maiyama, ko a but ɗin mota da ya wuni a rana. Kafin a buga hoton farko ya riga ya cinye wani kaso na zafin da zai iya ɗauka. Shi ya sa filash ɗin da ya yi maka aiki ba ƙorafi a watan Disamba, cikin hunturu, yake tsaya maka a Afrilu, ka ɗauka lalacewa ya yi.

Kuma kalandarmu ta haɗa kai da yanayin. A ’yan shekarun nan ƙaramar Salla cikin bazara take faɗowa: 10 ga Afrilu a 2024, ƙarshen Maris a 2025. Bukukuwan da ake ɗagawa zuwa bayan Salla duk a zafin suke sauka. A Aliero da kewaye, inda albasa ce babbar hanyar kuɗi, hannun manomi yana yin nauyi ne bayan an cire ta rani an kai kasuwa, kuma da kuɗin ake kai lefe, ake sa rana. Wato lokacin da aiki ya fi yawa shi ne lokacin da kayan aikin suka fi rauni.

Akwai kuma wani abu da ya canza wanda ba kasafai ake tuna shi ba. A zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 36 ne, kowane hoto kuɗi ne, ga kuɗin wanki, ga na kai fim ɗin babban gari. Mai hoton wancan lokacin sai ya jera mutane, ya gyara wa wannan hula, ya ce wa wancan ya matso, sannan ya latsa sau ɗaya. Tsakanin bugu da bugu minti ɗaya ko biyu sun wuce, filash ya huce bai ma san ya yi aiki ba. Kyamarar dijital ta cire wannan birkin. Yau yaro ɗan shekara ashirin zai ɗauki hoto dubu a wuni ɗaya ba tare da ya kashe ko sisi a kan latsawa ba. Kyamara ta canza ƙwarai, amma bututun zenon da kafasito suna nan kan tsarin da Harold Edgerton ya yi aiki a kansa a jami'ar MIT ta Amurka tun wajen 1931. An rage musu girma, an ƙara musu wayo, amma ba a raba su da zafi ba.

Yanzu mu tsaya a kan hoton rana, don nan ne abin ya fi tsanani, kuma nan ne mutane suka fi mamaki. Wanda ba ɗan sana'a ba zai ce: rana tsaka, haske ko'ina, me ya kawo filash? Amsar tana kan fuskar mutanenmu. Ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, rana tana bisa kai, hula ko rawani ya jefa inuwa kan ido da kumatu, ga farar shadda mai sheƙi tana mayar da haske kamar ta makantar da kyamara. In ka auna haske don rigar, fuska ta baƙanta. In ka auna don fuskar, rigar ta wanke, aikin ɗinkin da mutum ya kashe wa kuɗi ya ɓace. Mafita ita ce a auna don rigar, a cike inuwar fuska da filash. Amma gasa da rana ba wasa ba ce. A irin wannan hasken kyamara kan tsaya a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda take karɓar haske), gudun shota ɗaya bisa 200, ƙofar lens wajen f/11. Da wannan saitin, babban filash da aka buɗe masa ƙarfi duka, aka faɗaɗa haskensa don ya game rukuni, bai fi ya kai mita uku zuwa huɗu da ƙarfi ba. Rukunin mutum ashirin kuwa sai ka ja baya mita biyar ko shida kafin su shiga. Ke nan kowane hoto da cikakken ƙarfi ake buga shi, kuma a hoto na talatin kariya ta tashi, in ma an kai talatin ɗin.

Haka abin yake ranar yaye ɗalibai ko rantsar da sababbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko a kwalejin koyon aikin lafiya ta Jega. Hular yaye karatu mai faɗin sama ta fi kowace hula jefa inuwa a ido. Ɗalibai ɗaruruwa, kowanne da iyayensa da ƙannensa, kowanne na son nasa nan take, kuma da yake kuɗin kan kowane kati ake biya, mai hoton da ya tsaya minti goma yana jiran filash ya huce yana kallon abokan sana'arsa na kwashe masa ciniki. Ban ga laifin wanda zuciyarsa ta ƙi yarda ya tsaya ba. Abincinsa ne ke wucewa.

Sai kuma sabon salon nan da ya shigo na hoton da bayansa ke dusashewa, amarya ko ango su fito raɗau, abin da ke bayansu ya narke. Don a samu haka cikin rana sai an buɗe ƙofar lens sosai, a ƙara gudun shota zuwa ɗaya bisa 2000 ko fiye. Filash na yau da kullum ba ya tafiya da shota mai gudun da ya wuce ɗaya bisa 200 ko 250, don haka sai a kunna tsarin da ake kira HSS. A wannan tsarin filash ba bugu ɗaya yake yi ba, ɓarin walƙiya yake yi a jere da sauri har shota ta gama wucewa. Hasken da ke isa hoton ya ragu, zafin kuwa ya ƙaru. Littafin Godox ɗin nan da ya ba da bugu 30, a HSS 15 ya ba da. Mai son irin wannan hoton da rana gara ya sa wa lens baƙin gilashin rage haske, wanda ake kira ND, ya bar shota a inda filash ke iya bin ta. 

Wata ɗabi'a kuma da nake gani a wuraren biki tana damuna, domin ɓarna ce tsagwaronta. Za ka ga yaro a fili, ba rufi ba bango, ya ɗaga kan filash sama ya zaro ɗan farin katin nan, ko ya kifa masa farar hular roba. Ya ga ana yi a bidiyon intanet ne. Amma waɗanda ya gani a ɗaki suke, mai farin silin ƙasa-ƙasa, inda haske ke bugun rufi ya dawo a tausashe. A filin Allah hasken sama yake tafiya ba ya dawowa. Kyamara kuma, in tana kan tsarin TTL mai auna haske da kanta, sai ta ga hasken bai isa ba, ta umarci filash ya saki duk abin da ke cikinsa a kowane hoto. Haka ma ƙarƙashin rumfar haya mai ja da shuɗi, ko babban zauren taro mai dogon rufi. Hular robar kuma ban da cin haske tana tsare zafi a bakin filash, daidai inda bututun ya fi kusa da farantin gaba. In ka ga farantin filash ya yi ruwan ƙasa a tsakiya, ko ya ɗan lotsa, ko ka ji ƙaurin roba, tarihinsa ke nan a rubuce. Mai sayen na hannu ya fara duba wannan wurin kafin ya tambayi kuɗi.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya dama. Lokacin da Nikon ta fito da SB-900 a 2008, masu hoton biki a Turai da Amurka sun yi ta kuka da shi, don yakan kashe kansa a tsakiyar aiki da zarar ya ji zafi. A 2011 kamfanin ya fito da SB-910, wanda maimakon ya mutu gaba ɗaya sai ya riƙa jinkirta shiri. A 2016 suka fito da SB-5000 mai ’yar fanka a ciki, Canon ma daga baya ta sa fanka a EL-1. Wato manyan kamfanonin sun yarda cewa babu dabarar da ta wuce a fitar da zafin waje. Sai dai kuɗin waɗannan ya fi ƙarfin yawancin masu hoton yankinmu, musamman tun da naira ta faɗi: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk kayan hoto daga waje ake shigo da su.

SB-900 ɗin nan yana da wurin da ake kashe kariyar zafin, kuma da yawa sun kashe. A wasu filash ɗin kuma an gano cewa in ka kashe ka cire batir ka mayar, alamar zafin kan ɓace ya ci gaba da aiki. Wannan dabarar ta yaɗu tsakanin yaran shago, har wasu na ɗaukarta gwaninta. Ina ganin babu shawarar da ta fi ta cutarwa a sana'ar nan. Alamar ce ta ɓace, zafin yana nan inda yake. Abin da ke biyo baya sananne ne: bututu ya fara baƙi a bakinsa, haske ya ragu, launi ya canza, ya riƙa tsallake bugu, wata rana ya yi ƙara ya mutu. Na san akwai lokacin da ba makawa, misali an fito da amarya za a sa ta mota, hoton da ba a maimaita shi. In mutum ya yi kasadar don hoto biyu ko uku, ya san abin da ya saya da abin da ya sayar. Amma wanda ya mayar da ita al'ada, a kowane biki yana rage kwanan kayan da bai da kuɗin sake saye.

To, mene ne abin yi? Mu koma jadawalin can. Tunda rabin ƙarfi na ninka yawan bugu, kashi ɗaya cikin huɗu kuma na ba da fiye da ninki uku, duk aikin shi ne neman hanyar da za a samu hoto mai kyau ba tare da an buɗe ƙarfi duka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce tazara. Haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ido ke zato: in ka ninka tazara, sai ka ninka ƙarfi sau huɗu. In ka matso daga mita shida zuwa huɗu, ƙarfin da kake buƙata ya faɗo ƙasa da rabi. Don haka rukunin mutum ashirin a jera su sahu biyu ko uku maimakon dogon layi ɗaya, ka matso kusa. In kana da na'urar tayar da filash daga nesa, ka cire shi daga kan kyamara ka ba yaro ya riƙe kusa da mutanen, kai ka ja baya yadda kake so.

Da daddare ko cikin ɗaki, wurin kamu ko dina ko walima, ISO ne abokin tafiya. Da yawa sun maƙale a ISO 100 ko 200 don tsoron hoto ya yi yashi-yashi, tsoron da aka gada daga tsofaffin kyamarori. Yawancin na yanzu suna ba da hoto mai tsabta a 800, har 1600. Daga 200 zuwa 800 ƙarfin da filash zai fitar ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ƙara buɗe lens daga f/8 zuwa f/5.6, ya sake rabewa biyu. Filash ɗin da dā yake aiki da cikakken ƙarfi ya koma ɗaya cikin takwas, daga bugu 30 zuwa 200, kuma hoton ma ya fi kyau, domin hasken wurin yana shigowa, bayan mutane ba ya zama baƙin rami. Da rana kuwa ISO ba ya taimako, inuwa ce magani. Gindin dogon yaro ko gefen bangon masallaci da rana ta bari yana rage ratar da ke tsakanin farar riga da fuska, har filash ya wadatar da ɗan kaɗan.

Game da saye, ra'ayina a bayyane yake: mai filash ɗaya da ya samu ’yan kuɗi, filash na biyu ya kamata ya saya kafin sabon lens, ko da na kamfanin Yongnuo ne na hannu. Biyu masu matsakaicin kuɗi sun fi ɗaya mai tsada amfani a bikinmu. Ko dai a riƙa musanya su, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa a inuwa da murfin batir a buɗe, ko a haɗa su su yi aiki tare kowanne da rabin ƙarfi. Wanda aikinsa ya fi yawa a rana, ya tara ya sayi irin su Godox AD200 mai jul 200, wanda abin da ƙaramin filash ke yi da iyakar ƙarfinsa shi da kashi ɗaya cikin uku yake yin sa.

Batir kuma magana ce mai fuska biyu. Batir ɗin rediyo da tocila mai araha da ake samu a kowane tebur ba na filash ba ne, ba ya iya ba da wutar da ake ja da sauri, nan da nan ya yi sanyi. Na alkalin ya fi shi, amma yana ɗaukar zafi yana kuma nawa. Mai caji irin NiMH, kamar Eneloop, shi ne ya dace, haka ma batir lithiyam da ke zuwa da wasu filash. Sai dai batir mai kyau yana sa filash ya shirya da sauri, saurin shiri kuma yana ba yatsa damar latsawa da sauri, zafin bututu ya taru da wuri. Batir mai kyau yana maganin nawa ne kawai. In an cire batir da zafi a bar shi ya huce kafin a sa a caji, na lithiyam kuma da ya fara kumbura a rabu da shi. Kada kuma a sanyaya filash da ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma, ko a sa shi a firji: raɓa za ta taru a ciki, inda bolt 300 ke kwance.

Wannan bolt 300 ɗin ya kamata masu gyara su ma su san da shi. A garuruwanmu in filash ya lalace wurin mai gyaran waya ko rediyo ake fara kai shi, don masu gyaran kyamara na ainihi suna manyan birane. Kafasito yana riƙe wutarsa ko bayan an cire batir, kuma yana iya yi wa mutum mummunan jan wuta. Wanda bai san yadda ake sauke wutar ba kada ya buɗe.

A situdiyo labarin ya ɗan bambanta. Manyan fitilun da ke aiki da wutar Nepa sun fi jure bugu, amma da yawansu suna da wani ƙwan halojin mai wat 150 da ke kunne koyaushe don nuna inda haske zai faɗa. A rufe shi cikin akwatin tausasa haske, a ƙaramin shago mai rufin kwano, ranar Salla yara sun yi layi tun hantsi har magariba, sai ka ga roba na narkewa ba tare da an yi wani bugu mai yawa ba. A kashe ƙwan tsakanin mai zuwa da mai zuwa, ko a canza shi da na LED. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska da fanka, sai an riƙa kaɗewa. Ƙaramin janareto kuma wutarsa na hawa tana sauka, gara a ratsa ta ta sitabilaiza. Fitilun LED masu ci ba ƙyaftawa, waɗanda masu bidiyo suka yawaita, suna da amfani da daddare, amma da rana ba su kama ƙafar filash ba, kuma a tsakar gida ƙwari suke tarawa kan amarya.

Akwai kason da ba na mai hoto ba ne, na masu biki ne. Mai hoto yaro ne a mafi yawan lokuta, ba zai iya ce wa dattijan gari su tashi daga inda suke tsaye su koma inuwa ba, kuma ba zai iya ce wa babban baƙo ya dakata ba. Amma babban abokin ango zai iya, haka uwar biki a cikin gida. Maganar tun ranar da aka zo biyan kafin alƙalami ya kamata a yi ta. Mai hoto ya ce: “Alhaji, don Allah a ba ni mutum ɗaya da zai riƙa jera mini jama'a, kuma a nuna mini inda inuwa take a lokacin.” A tsara rukunan da ba makawa a fara da su, iyaye da waliyyai da baƙin nesa, abokai su biyo baya tunda su ba inda za su. Hotunan ango da amarya na musamman a kai su bayan la'asar, lokacin da rana ta yi laushi, filash ba ya buƙatar ƙarfi, fuska ma ba ta yamutsewa. Wanda kuma ke neman mai hoto, kafin ya tsaya kan ragin dubu biyu, ya tambaye shi filash nawa zai zo da su da batir saiti nawa. In ya ce biyu ne kuma kuɗinsa ya ɗan ɗara na wancan mai guda ɗaya, bambancin kuɗin na filash na biyun ne, wanda zai karɓi aiki in na farko ya tsaya ana tsakiyar ɗaukar iyayen amarya.